Ƙwayar Da Na Ɓoye A Gidan Yayata

Ba zan faɗi sunana ba. Ba tsoron hukuma nake yi ba, ita ta riga ta gama da ni. Kunyar mahaifiyata nake ji, domin tana raye, kuma yaran ƙauyenmu yanzu komai a waya suke karanta shi. Ku matasa nake so ku saurare ni, musamman ku da kuke shirin hawa mota ku gangaro kudu neman na kanku.

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, kuma ni ne auta a ɗakinmu. Kafin in baro gida ko sigari ban taɓa sa wa a bakina ba. Idan ladan ya yi tafiya ni nake kiran sallar asuba. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, Inna ce ta riƙe mu. Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa, sai yayata Hadiza ta aiko a ce in zo wurinta Inugu. Can take aure. Mijinta Malam Habu yana sayar da wake da albasa a kasuwar Ogbete.

Ɗaki biyu suke haya a wani gida mai tsakar gida ɗaya da maƙwabta. Suka ba ni falo ina kwana. Malam Habu mutum ne marar yawan magana. Washegarin zuwana ya kai ni kasuwa, ya nuna min sabon baro da ya saya, ya ce, "Ga abin hannunka. Ka riƙe amanar kayan mutane, sauran na Allah ne." Suna da 'ya ɗaya a lokacin, Ummi, ba ta fi shekara uku ba. Kawu take ce min. Kullum na dawo sai ta laluba aljihuna ta ga ko na zo mata da alewa.

Turin baro aiki ne mai cin jiki. Ka sauke buhuna daga kan tirela tun da safe, ka wuni kana kutsawa cikin mutane da kaya, ga hawa ga gangara. Ban daɗe ba bayana ya fara ciwo, har ruku'u ya zama min aiki. Akwai wani abokin aikinmu Ɗanliti, siriri ne amma ba ya gajiya. Wata rana ya gan ni na dafe ƙugu, sai ya miƙo min ƙwaya guda a tafin hannu. Na ce masa ni ba na shan ƙwaya. Ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce maka ƙwaya ce? Tramol ne, maganin ciwon jiki. Likita ma yana rubuta shi."

Na karɓa na haɗiye da ruwan leda. Ran nan na yi aikin mutum biyu ban ji komai ba. Na dawo gida ina ta fara'a, har Yaya Hadiza ta ce lallai kudu ta karɓe ni.

Daga guda na koma biyu, daga biyu na daina lissafi. Da farko don in yi aiki nake sha, daga baya sai ya zama don in sha nake aiki. Ranar da ban samu ba hanci ya dinga zuba, ƙasusuwa su dinga ciwo kamar ana sara su, kowa ya yi min magana in ji kamar in shaƙe shi. Abin da nake samu ya daina isata. Na fara huda buhun waken Malam Habu ina ɗiba kaɗan-kaɗan. Wata rana wata mata ta ɗora min jarkar man gyaɗa in kai mata bakin titi, na ɓace mata a cikin cunkoso na sayar. Ta gane ni bayan kwana biyu. Malam Habu ne ya biya ta, ya ba ta haƙuri, sannan ya yi min kallo ɗaya.

Yaya Hadiza ta gane tun kafin kowa. Ta ga na daina cin abinci, ta ga ina gyangyaɗi a zaune da rana tsaka. Amma duk lokacin da mijinta ya tambaya sai ta ce zazzaɓi nake yi. Idan na ce mata an kwashe min ciniki, sai ta kwance bakin zani ta ba ni. Ta taɓa rutsa ni a bayan ɗaki ta ce, "Auta, don girman Allah ka bari. Idan Inna ta ji zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Na rantse mata na bari. A lokacin da nake rantsuwar akwai guda huɗu a cikin hulata.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi komai yi min nauyi. A cikin wani tsohon gwangwanin madara nake ɓoye ƙwayoyin, a ƙarƙashin kujerar falo. Wata rana da la'asar na dawo daga kasuwa na tarar da mutane cike da tsakar gida. Ummi tana kwance a hannun wata maƙwabciya, idanunta sun juye, jikinta yana fizga, kumfa tana fita ta bakinta. Gwangwanin yana gefe a buɗe. Yaya Hadiza tana riƙe da takardar ƙwayar da yarinyar ta ɓare da haƙori. Ta ɗago ta dube ni.

Malam Habu ya shigo da gudu, ya sunkuci yarinyar suka fita neman keke. Kowa ya bi su. Ni ban bi su ba. Na shiga falo na tsince ragowar ƙwayoyin da suka warwatse a ƙasa, na ɗauki wayar Malam Habu da ya manta a kan tabarma, na nufi tasha. Wannan shi ne abin da na yi. Babu wata hanya mai kyau ta faɗarsa.

Na sauka Anacha ba tare da na san kowa ba. A can na ƙara da maganin tari mai kodin, na kuma koyi damfara. Sai in shiga masallaci a unguwar Hausawa, in bari a idar da salla, in miƙe in ce ni baƙo ne, 'yan fashi sun tare motarmu, ina neman abin da zai mayar da ni gida. Har hawaye nake yi. Dattawa masu sayar da goro da masu wankin takalmi su haɗa min, in fita in sayi kwalba. Na zagaye masallatai har wani tsoho ya gane ni, ya ce a gaban jama'a, "Yaro, wannan motar taku kullum sai an tare ta?" Aka yi min ature. Na gudu Fatakwal.

Duk tsawon wannan lokaci ban san ko Ummi tana raye ko ta mutu ba. Lambar Yaya tana kaina, amma ban taɓa kira ba. Duk yarinyar da na gani mai irin shekarunta sai in sauya hanya. Kuma duk lokacin da fuskarta ta faɗo min a rai, sai in ƙara ƙwaya don ta tafi.

A Fatakwal na kwana a rumfunan Borokiri, na yi dako na kwana biyu na watsar. Na shiga cikin wasu yara masu fizge a mahaɗar Rumuokoro. Ranar da dubuna ta cika, jakar wata mata mai ciki na fizga tana ƙoƙarin hawa mota. Ta riƙe, na ja, ta faɗi a kan kwalta. Ban yi taku goma ba aka cim min. Na sha duka har na daina ji. Na ga an mirgino taya, na ji wani yana ihu a kawo fetur. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni. A kotu aka ce matar da cikinta suna lafiya, na amsa laifina, alƙali ya tura ni gidan yari.

Makonnin farko a can ba na fatan maƙiyina ya gan su. Amai, gudawa, sanyi a cikin zafi, ƙafafu ba sa tsayawa wuri ɗaya. Daga baya jiki ya lafa, na koma salla, na ɗauka na warke. Ranar da aka sake ni, bayan shekara biyu da wani abu, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon 'yan uwan wasu suna rungume nasu. Ni babu wanda ya san ma ina ciki. Kafin sati ya zagayo na koma wurin masu sayarwa. Na sha daidai yadda na saba sha a da, ban san jikina ya daina ɗaukar wannan ba. Na yanke jiki na faɗi kusa da teburin wani mai shayi a Rumuokoro.

Mai shayin nan dattijo ne, kuma Allah ya sa mutumin wajenmu ne. Da na farfaɗo ya ji harshena, ya tambaye ni ɗan wane gida ne. Na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da na taɓa gaya wa. Ya karɓi lambar Yaya ya koma gefe ya kira. Da ya dawo ya zauna ya ce, "Yarinyar tana raye. An sa ta makaranta." Na kifa kaina a kan bencinsa na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yayarka ta ce ka zo, amma ba gidanta ba. Ta ce akwai asibitin da ake kula da irinku, can za ka wuce." Shi ya sa ni a mota da hannunsa.

A asibitin nan na Inugu na haɗu da Sista Nkechi, ma'aikaciyar jinya ce da ke kula da sashen masu shaye-shaye. A Sabon Garin Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Bayan likita ya duba ni an fara ba ni maganin da ke sassauta ciwon rabuwa da ƙwaya, sai ta zaunar da ni ta ce, "Magani zai wanke jikinka. Amma gida za ka koma, ba a nan za ka tabbata ba. Mun fara wani tsari, duk mai jinya sai danginsa sun riƙa zuwa muna zama tare. Wa kake da shi?" Na ce ba ni da kowa. Ta ce, "To wa ya turo ka nan?" Na sunkuyar da kai.

Daga baya na fahimci irin wahalar da ta sha kafin tsarin ya zauna a wajen mutanenmu. Da farko ranar Laraba da safe ake zaman, da Turanci da Ibo, maza da mata a haɗe. Dangin sauran masu jinya suna zuwa, na Hausawa ko mutum ɗaya. Wasu iyayensu suna arewa, wasu ba za su rufe rumfa ranar kasuwa ba, wasu kuma gani suke zuwa wurin tona wa kai asiri ne. Sai ta je ta sami limamin unguwarmu, ta roƙe shi ya yi magana bayan sallar Juma'a. Ta mayar da namu zaman ranar Lahadi bayan azahar, lokacin da kasuwa take rufe, da Hausa, mata a gefe guda maza a gefe guda. Wanda iyayensa suke nesa, a kira su a waya a ajiye ta a kan tebur kowa yana ji.

Duk da haka makonni suka wuce kujerar da ke kusa da ni babu kowa. Malam Habu ya hana Yaya zuwa, kuma ya yi rantsuwa ba zai sake haɗa ido da ni ba. Sista Nkechi ta taka da ƙafarta har rumfarsa a Ogbete. Yaya ce ta ba ni labarin yadda suka yi. Ya ce mata, "Madam, da 'yarki ce aka yi wa haka fa?" Ta ce, "Da ni ma na tsane shi, Malam. Ban zo in ce ka yafe ba. Amma zai fito, kuma ƙanin matarka ne, ko ka hana za ta neme shi a ɓoye. Gara ta san abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba." Ya ci gaba da awon wakensa. Ranar Lahadi sai ga Yaya Hadiza ta shigo, goye da jaririn da ban san an haifa ba.

Na durƙusa zan gaishe ta, ta kawar da kai. Da aka zo kanta Sista ta ce ta faɗi duk abin da ke ranta, babu mai katse ta. Ta juyo ta ce, "Kwana uku Ummi ba ta san inda take ba. Ina zaune a gabanta, rabin zuciyata yana wurinta, rabi yana tunanin ina ka shiga, ko ka ci abinci. Na tsani kaina a kan wannan rabin. Da ta farfaɗo, kai ta fara tambaya." Ta ce, "Kuma ni na san kana sha. Na rufa maka asiri, na yi wa mijina ƙarya. Da na faɗa tun farko, da gwangwanin nan bai kwana a ɗakina ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sista Nkechi ta ce mata, "Ba ke kika sa ƙwaya a gwangwani ba, shi ne. Wannan kayansa ne, ki bar masa ya ɗauka. Naki shi ne daga yau ki daina yi masa ƙarya." Wata tsohuwa da ta zo saboda ɗanta ta matso ta riƙe hannun Yaya, ta ce ita ma shekara da shekaru tana cewa aljanu ne suka taɓa nata.

A wannan zaman ne, mako bayan mako, aka koya musu abubuwan da ban so a koya musu ba. Kada a ba ni kuɗi a hannu, in yunwa ce a ba ni abinci. Duk maganin da ke gida a kulle shi. Aka nuna musu alamun wanda ya koma ruwa, da abin da za a yi idan mutum ya faɗi yana fizga. Aka ce musu ciwo ne mai iya dawowa, dawowarsa ba ita ce ƙarshen magana ba, amma ɓoye shi yana iya kai mutum kabari. Ni kuma aka koya min in saurara ba tare da na kare kaina ba, wanda ya fi min janye ƙwaya wuya.

Rana mafi nauyi ita ce ranar da aka kira Inna. Duk shekarun nan Yaya tana ce mata ina wani gari ina aiki, wayata ce ta lalace. Aka ajiye waya a kan tebur, na gaya mata gaskiya da bakina, har da gidan yari. Ta ce, "Ni na ɗauka mutuwa ka yi suke ɓoye min. Har waina na toya na yi maka sadaka." Sai ta ce a ba ta Hadiza, ta ce, "Ki riƙe shi yadda malamar nan ta ce, ba yadda ranki yake so ba."

Malam Habu sau ɗaya ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa, bai cire hannu daga aljihu ba, aka tashi ya tafi. Na ɗauka bai ji komai ba.

Da aka sallame ni ban koma gidansu ba. Liman ya sama min wurin kwana a wani ɗaki kusa da masallaci. Abinci a ƙofar gidan Yaya nake karɓa in ci a waje. Na koma turin baro. Wata biyar ina lafiya, sai ranar nan na sauke tirelar albasa bayana ya riƙe, Ɗanliti kuma yana nan inda na bar shi. Na ce guda ɗaya kawai. Yaya ta gane a kwana na biyu, daga yadda na bar tuwo a kwano. Wannan karon ba ta rufa min asiri ba. Ta gaya wa mijinta a ranar, ta kira Sista. Ni kuma na ƙi zuwa, na ce sharri ake yi min.

Washegari na faɗi a tsakiyar layin 'yan albasa. Abin da ya biyo baya mutane ne suka ba ni labari. An taru a kaina, wani ya kawo manja zai ɗura min, wani yana neman cokali ya cusa min a baki. Malam Habu ya ratso ya ture su, ya ce kada wanda ya sa min komai a baki. Ya janye baro da buhuna daga kusa da ni, ya cire rigarsa ya tallafe min kai, da fizgar ta lafa ya juya ni a kan gefena, ya sa aka tsayar da keke. Duk abin da aka faɗa ranar da ya zauna a bakin ƙofa, babu wanda ya zubar.

Na buɗe ido a gadon asibiti na gan shi zaune da singileti. Na fara cewa, "Malam, na gode," ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Ban yafe maka ba tukuna. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi. Amma ranar Lahadi zan zo." Ya kuwa zo, kuma bai sake fashi ba.

Yau shekara uku ke nan ban sa ƙwaya a bakina ba. Har yanzu baro nake turawa, amma idan baya ya ce a tsaya sai in tsaya, ko da ciniki zai wuce ni. Na je gida na durƙusa gaban Inna. Yanzu ina shiga gidan Yaya in ci abinci a ciki, sai dai ba a barina ni kaɗai da yara, kuma ban ga laifin kowa ba. Matar da na kayar a Rumuokoro da dattawan da na cuta a Anacha ban san inda zan same su ba, kullum suna cikin addu'ata. Ranar Lahadi ina zuwa zaman, in zauna kusa da duk wanda kujerarsa ta zama babu kowa, kafin a samo nasa.

Ƙannena, duk wanda ya miƙo muku abu ya ce maganin gajiya ne, ku ce masa maganin gajiya hutu ne. Ciwon baya na kwana biyu ya fi abin da na gani sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya riga ya shiga, kada ya ce zai fita shi kaɗai a ɓoye. Na gwada, ba ta yiwu ba. Ka je asibiti, ka kira wanda ka fi jin kunyarsa ka gaya masa.

Ku kuma iyaye da yayye, rufin asirin da kuke yi mana ba ya warkar da mu. Idan aka kira ku zaman nan, ku je. Ba sai kun yafe ba, ba sai ranku ya yi sanyi ba. Ku je da fushinku ku zauna, ko a bakin ƙofa ne, ku saurara. Ni dai da wanda na fi ɓata wa rai bai je ya zauna ba, da yanzu ba ni nake ba ku wannan labari ba.